Wane Tsuntsu Ne Ya Cancanci Shiga Lissafin Gida?

"Assalamu alaikum, Malam. Tun bara na fara rubuta sunayen tsuntsayen da nake gani a gidanmu a Katsina cikin wani ɗan littafi, ni da wani abokina da muka fara tare, kowa da gidansa. Yanzu mun sami saɓani. Shi yana cewa sai tsuntsun da ya sauka a cikin gida ake rubutawa, ni kuwa na rubuta balbelun da ke wucewa ta sama da yamma, da shamuwar da ke kan tsamiyar maƙwabtanmu, da wata mujiya da nake jin kukanta da dare amma ban taɓa ganinta ba. Akwai kuma wani kanari da ya sauka a kan igiyar shanya, wanda abokina ya ce daga keji ya tsere. Shin akwai ƙa'ida a kan wannan, kuma wa ya kafa ta?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin masu wannan sha'awa ba su da yawa a garuruwanmu, kuma samun mutum biyu da suka fara tare suka ɗore har shekara ta zagayo abin farin ciki ne. Idan na fahimce ka, kana son sanin inda iyakar gida ta tsaya, ko a katanga ko a iya inda ido ya kai. Da ko kunne shaida ne kamar ido. Da kuma yadda ake yi da tsuntsun da ake zargin ya taɓa zama a hannun mutum. Babu wata hukuma a duniya da ta kafa doka a kan lissafin gida, mai gida ne ke kafa tasa. Sai dai akwai al'adun da masu kallon tsuntsaye suka daɗe suna bi, kowace da dalilinta, kuma saɓaninka da abokinka ya taso ne daga cewa kowannenku ya riƙe ɗaya daga cikin al'adu biyu da aka yi su don buƙatu daban.

Inda al'adar ta fito

Ajiye jerin tsuntsayen da mutum ya gani ya yi ƙarfi ne a Birtaniya da Amurka, inda mai sha'awar yakan riƙe lissafi iri-iri: na duk rayuwarsa, na ƙasarsa, na shekarar da ake ciki, da kuma na gidansa. Saboda mutane sukan gwada yawan abin da suka gani da na juna, ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta Amurka, wadda ake kira ABA, ta tsara sharuɗɗa ga masu aiko mata da adadinsu. Daga ciki akwai cewa tsuntsun ya kasance da rai, ya kasance ɗan daji, ba a ɗaure yake ko a tsare ba lokacin da aka gamu da shi, kuma an gane shi da tabbaci ta alamomin jikinsa ko ta kukansa. Ba don tsakar gida aka rubuta waɗannan sharuɗɗa ba, amma yawancin masu lissafin gida su suke arowa, sannan su ƙara da tasu ƙa'idar game da iyaka.

Daban da wannan akwai ƙidaya, wadda masana ke shiryawa domin su san ko tsuntsaye na ƙaruwa ko raguwa. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, wadda ake kira RSPB, tana gudanar da ƙidayar tsuntsayen lambu tun 1979, a ƙarshen watan Janairu na kowace shekara. Mutum zai zauna awa ɗaya, ya rubuta tsuntsayen da suka sauka kaɗai, ban da masu wucewa ta sama, kuma a kowane nau'i ya rubuta adadi mafi yawa da ya gani a lokaci guda. Dalilin a bayyane yake: idan garken tsuntsaye ya ratsa saman unguwa, gidaje hamsin za su iya ƙirga garke ɗaya, lissafin ya kumbura a banza. Wannan ita ce ƙa'idar abokinka, ko ya san asalinta ko bai sani ba. Kai kuwa kana kan tsarin da manhajar eBird ke bi, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell ta ƙaddamar a 2002. A can, duk tsuntsun da ka gani ko ka ji alhali kana cikin gidanka ya shiga lissafin gida, ko ya sauka ko bai sauka ba.

Ƙafarka ce iyaka, ko ƙafar tsuntsu?

Tambayar da ya kamata kowa ya amsa tun a shafin farko ke nan, kuma a nan ne ginin gidajenmu ya shigo cikin magana. Baturen da ya kafa ƙa'idar sauka yana da ciyawa da shuke-shuke a bayan gidansa, da akwatin da yake zuba wa tsuntsaye abinci. Mu kuwa a cikin birni yawanci abin da muke da shi shi ne tsakar gida ta siminti ko ta ƙasa, da katanga mai tsawo, wataƙila da darbejiya ɗaya ko lemo, sai sararin sama a buɗe. Idan ka ce sai wanda ya taka ƙasarka, za ka ƙare da kurciya da gwara da hankaka da wasu 'yan kaɗan, alhali rabin abin da ke faruwa a gidan a sama yake faruwa. Saboda haka ni ina bin ƙa'idar cewa ƙafata ce iyaka: muddin ina tsaye cikin gida, daga zaure zuwa bayan ɗakuna, abin da idona ko kunnena ya kai gare shi ya shiga. A kan wannan ƙa'ida shamuwar da ke kan tsamiyar maƙwabta ta shiga littafinka, balbelun da ke komawa makwancinsu da yamma su ma sun shiga. Amma idan ka fita ƙofar gida ka taka zuwa bakin masallacin unguwa kafin ka hango tsuntsun, to wannan na unguwa ne, sai ka buɗe masa wani shafi.

Wanda ke gidan haya mai ɗakuna da yawa zai iya ɗaukar dukan farfajiyar da yake da ikon zama a cikinta a matsayin gida, wanda ke bene kuma tagarsa da barandarsa su ne gidansa. Kan soro ma cikin gida ne, kuma daga nan ake ganin abin da ba a gani daga ƙasa. Sai dai ina jan hankalinka a nan, domin na ɗauki abin da muhimmanci: mutum a kan soro riƙe da madubin hangen nesa, a unguwar da matan aure ke aiki a tsakar gidajensu, abu ne da zai iya ɓata zumuncin shekaru. Ni ba na hawa sai na sanar da maƙwabta, kuma sama nake kallo, ba na karkatar da madubin zuwa gidan kowa ko da tsuntsun da nake nema can ya sauka.

Ƙa'idar sauka tana da wata matsala ko a wurin masu riƙe da ita. Tsattsewa a sama take cin abincinta, kuma wasu nau'o'inta ba sa sauka ko'ina sai a sheƙarsu. Idan tana shawagi a saman tsakar gidanka tana kama ƙwari, ai da gidanka take amfani. Shirwar da ta kawo sura ta ɗauke ɗan tsako ba ta taɓa ƙasa ba, amma babu matar gidan da za ta yarda cewa ba ta shigo gidan ba. Abin da na ga ya warware mini wannan shi ne sanya alama a gaban kowane suna: ko ya sauka, ko ya ci abinci a sama, ko wucewa kawai ya yi, ko jin sa aka yi. Da wannan kai da abokinka za ku iya gwada littattafanku ba tare da gardama ba, ku ƙirga masu alamar sauka idan kuna son yin gasa, sauran kuma su zauna a matsayin ilimin da shi ma zai so ya samu wata rana.

Maganar mujiya

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma na san da wannan abokinka zai kafa hujja. A harkar tsuntsaye kuwa sau da yawa kunne ya fi ido tabbaci, domin akwai nau'o'in da suka yi kama da juna ƙwarai a jiki amma kukansu ya sha bamban, kuma tsuntsayen dare irin mujiya da yautai yawanci da kunne ake saninsu. Don haka jin kuka ya isa a rubuta tsuntsu, da sharaɗi ɗaya: ka san kukan wane ne. A nan ne nake ganin aikinka bai ƙare ba tukuna, domin mujiya sunan dangi ne, kuma a arewa muna da fiye da ɗaya da ke shigowa gari. Akwai mai farar fuska da ke kwana cikin silin da tsofaffin gine-gine, kukanta wata doguwar ƙara ce mai kaifi kamar ana yaga ƙyalle. Akwai wata 'yar ƙarama da ke maƙale a jikin bishiya tana yin gajeren kuka guda ɗaya, ta yi shiru na 'yan daƙiƙu, ta sake, haka har dare ya raba. Akwai kuma wata ƙaramar da ke yin fito mai hauhawa, wadda ko da rana ana jinta. Idan ba ka tantance wadda kake ji ba, ka rubuta "mujiya, nau'i bai tabbata ba", ka ɗauki kukan da wayarka, ka adana shi har ka sami wanda zai saurara tare da kai.

Na daɗe ina jin mai farar fuskar a gidana kafin na gan ta. Wata rana da asuba, ina alwala a bakin rariya, sai wani abu fari ya ratsa tsakar gida a daidai tsayin katanga, ba ƙarar fiffike ko kaɗan, ya shige ta wata kafa a ƙarƙashin kwanon ɗakin ajiya. Da gari ya waye na duba ƙasan wurin, na tarar da 'yan dunƙule baƙaƙe da take amayarwa, na fasa ɗaya da tsinke, ga gashi da ƙananan ƙasusuwan ɓera. Ranar na ƙara alamar gani a gaban sunan da ya daɗe da alamar ji, kuma na roƙi mutanen gidan kada a toshe kafar, domin aikin da take yi mana a kan ɓeraye ya fi na tarko.

Kunne yana da nasa tarkon. Wasu tsuntsaye gwanaye ne wajen kwaikwayon kukan wasu, kuma a unguwanninmu kukan da ya tsallako katanga zai iya zama na tsuntsun da ke rataye cikin keji a zauren maƙwabci. Manhajar Merlin da ke sauraron kuka ta faɗi suna tana da amfani, amma an fi horar da ita da tsuntsayen Amurka da Turai, don haka abin da ta faɗa shawara ce da za ka bincika. Ban taɓa rubuta suna a littafina don waya ta ambace shi kawai ba.

Kanari da sauran waɗanda suka taɓa zama a hannu

Kaji da zabbin gida da agwagi da talotalo da ɗawisu ba sa shiga, wannan ba a gardama a kansa. Tattabarun maƙwabcinka ma ba sa shiga, ko da kullum suna sauka kan katangarka, domin suna da mai su, suna da ɗakin da suke komawa, kuma hatsin mutum suke ci. Hasbiya kuwa, wadda ta yi kama da su amma take da jan fata kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, 'yar daji ce cikakkiya ko da a kan rufin kwano take kwana, kuma ta shiga. Tsakanin waɗannan biyu akwai tattabarun da suka bar hannun mutane tun kakanninsu, suna sheƙa a kasuwanni da manyan gine-gine ba mai ciyar da su. Masu lissafi da yawa suna ƙirga irin waɗannan, kuma eBird tana karɓarsu da sunan tattabarar da ta koma zaman kanta.

Abin da ake dubawa shi ne ko tsuntsun ya fito daga zuriyar da ke rayuwa tana hayayyafa ba da taimakon mutum ba. Misalin tsirya ya nuna wannan sarai. A arewacin Nijeriya 'yar ƙasa ce, idan garkenta ya wuce saman gidanka yana ƙara, ka rubuta ba fargaba. A Landan kuwa asalinta daga keji ne, amma ta yi shekaru da dama tana hayayyafa a bishiyoyin birnin har aka shigar da ita jerin tsuntsayen Birtaniya, a rukunin baƙin da suka zauna da gindinsu. Aku kuwa, mai launin toka da jar wutsiya, tsuntsun kurmi ne. Idan ka gan shi a kan bishiya a Katsina, daga hannun wani ya kuɓuce, kuma wurinsa bayan littafi.

Kanarinka ya fi waɗannan wuya, domin yana daga cikin tsuntsayen da ake samu a daji a yankinmu kuma ake kamawa a sa a keji saboda daɗin kukansu, ko mai rawayan ciki ko mai ruwan toka da farin baya. Ban ga tsuntsun ba, don haka ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba, amma ga abin da nake dubawa. Wanda ya daɗe a keji yakan kasance da gashin wutsiya a tsattsage ko a guntule saboda gogar waya, wani lokaci da ɗan saɓi a goshi kusa da baki, faratansa kuma sukan yi tsawo fiye da kima. Yakan zo shi kaɗai, ba ya tsoron mutum, yana iya sauka kusa da mai tankaɗe ko ya riƙa kewaya kejin wani. Na daji kuwa yawanci bibbiyu ko cikin ƙaramin garke suke zuwa, su sha ruwa a gaggauce, da ka motsa su tashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ta isa hujja ita kaɗai. Idan shakka ta yi yawa, ni nakan rubuta shi da fensir a shafin "mai yiwuwa", in jira. In har akwai na daji a kusa, kaskon ruwa a gindin bishiya lokacin bazara zai kawo su, ranar kuma ka rubuta da biro.

A bayan littafin nan ne kuma nake ajiye gawar tsuntsun da ya bugi taga, da gashin da aka tsinta, da tsohuwar sheƙar marai da ba kowa a ciki. Duk shaida ce cewa tsuntsun ya zo, kuma ina rubuta ranar, amma ban gamu da shi da rai ba. Haka abin da iyali suka gani ba na nan: idan bayanin ya gamsar da ni, nakan sa shi a lissafin gida da alamar cewa wani ne ya gani, ba na sa shi a nawa na kaina.

Suna ɗaya, tsuntsaye da yawa

Akwai wata matsala da ba ka ambata ba, amma za ka ci karo da ita. Sunayenmu na Hausa sau da yawa suna tattara nau'o'i da dama a ƙarƙashin kalma ɗaya. Kurciyar da ke tsakar gida mai ɗigo-ɗigo a ƙirji daban take da masu baƙin zobe a bayan wuya, su ma ɗin ba nau'i ɗaya ba ne, ga kuma wata da ke zuwa daga Turai ta yi hunturu a Sahel. Tsattsewa ta haɗa dangi biyu da ba su da kusanci da juna. Ko shirwa, akwai mai rawayan baki da ke hayayyafa a nan Afirka da mai baƙin baki da ke zuwa daga arewa da rani, waɗanda wasu masana ke ɗauka nau'i biyu, wasu kuma ɗaya. Nijeriya tana da nau'o'in tsuntsaye fiye da 900, don haka dole wasu su rasa suna nasu na kansu a bakinmu. Shawarata ita ce ka riƙe sunan Hausa, domin shi ne wanda dattijon unguwa zai gane ya ba ka labari a kansa, sannan ka rubuta sunan kimiyya a gefensa daga littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma. Lissafi da nau'i ake yinsa; "kurciya" ba tare da bayani ba tana nan a matsayin ɗaya har sai ka iya rarrabewa.

Duk ƙa'idar da ka zaɓa, ka rubuta ta a shafin farko tun kafin baƙon tsuntsu ya zo. Dalili kuwa, ranar da gauraka ko zalɓe ya bayyana can nesa, a inda sai ka leƙa ta ƙofar zaure ƙafa ɗaya a waje, zuciya za ta so ta faɗaɗa iyakar gidan, kuma idan iyaka tana motsi da kowane baƙo, lissafin bana ba zai gwadu da na baɗi ba. In ka ga dole ka sauya ƙa'ida, ka rubuta ranar da ka sauya. In ka tashi daga gidan, ka rufe littafinsa ka buɗe sabo.

Wannan tsanani yana da amfani da ya wuce gasa tsakanin abokai. Waɗanda suka girma a garuruwanmu sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta da kan rufin kasuwa, yau kuwa sai mutum ya yi watanni bai ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa wannan ungulun na gari cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Da akwai littattafan gida da aka riƙe da ƙa'ida ɗaya tun shekarun baya, har da masu wucewa ta sama, da mun san shekarar da ta fara ɓacewa a kowane gari. Idan kana son abin da kake gani ya kai hannun masana, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka raba ƙasar gida-gida, kowane yanki kusan kilomita 9 a kowane gefe, kuma masu sa kai ke aika abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. A wannan aiki ƙa'idarsu za ka bi, littafin gidanka kuma ya ci gaba a kan taka.

Game da shamuwar maƙwabta, kada ka tsaya a rubuta sunanta sau ɗaya. Tana zuwa ne gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa, idan ruwa ya ɗauke kuma ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Ka rubuta ranar da ka fara ganinta a kan tsamiyar a bana, da ranar ruwan farko, da yawan sheƙun da kake iya ƙirgawa daga tsakar gidanku, da ranar da ka wayi gari bishiyar ba kowa. Ka ce wa abokinka shi ma ya yi haka daga nasa gidan.